Baƙin Zare a Jar Waya

Warin roba mai ƙonewa na fara ji kafin in ga hayaƙin.

Ina juyowa na hango shi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyarin tasin da Dogo yake gyarawa, shi kuma rabin jikinsa yana cikin motar, dogayen ƙafafunsa a waje. Ban san lokacin da na yar da tsintsiya ba. Na ruga na fizge kan batir, hayaƙin ya fara lafawa. Mai tasin ya ɗora hannu a ka yana ta salati kamar gidansa ne ya kama.

Dogo ya fito yana tari, yatsunsa biyu sun ƙone sun tashi.

Bai kalli yatsun ba, ni ya kalla.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin sitiyarin. Zarena yana nan, baƙin zaren ɗinkin da nake ɗaurawa, amma a jikin koriyar waya yake. Ni kuwa a jikin ja na ɗaura shi da safen nan, da hannuna, ba ni da ko shakka.

"Wa ya haɗa wannan?" Baba ya tambaya daga bayanmu. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Ni ce, Baba," na ce, tun kafin Dogo ya buɗe baki. "Na ga ya fita shan ruwa, na ce bari in taya shi..."

Baba ya daɗe yana kallona ta saman gilashinsa. Sannan ya ce daga yau kada ya sake ganin hannuna a cikin motar kowa, in koma kan tsintsiyata da jera filaya. Ya ba mai tasi haƙuri, ya naɗe hannun riga ya shiga gyaran da kansa.

A ranar nan, Litinin, aka rufe min ƙofar da nake bi in rufa wa Dogo asiri.

Mu biyar ne a wurin Baba, duk mata, ni ce auta, kuma da Auta kowa yake kirana. Yayyena sun taso a ɗakin Umma, ni na taso a garejin gyaran wutar mota, tsakanin batira da warin dalma. Baba kuwa Saje ake ce masa har yau. Shekara ashirin da huɗu ya yi a sojan sama yana gyaran wutar jirgi, hotonsa da shuɗin kaki yana rataye a saman teburin aiki, kullum sai na goge shi kafin in goge komai.

Shekara uku ke nan da Dogo ya zo neman aiki, tsayi kamar falwaya, magana kamar ana sayar masa da ita. Allah ya ba shi kunne. Mota tana kwana kan layinmu zai ce bel ɗinta ya saki, ko fistan ɗaya ya gaji, a buɗe kuma a tarar haka ne. Amma in aka zo kan waya sai ya koma kamar hawainiya, ya bi ta da yatsa tun daga tushe har ƙarshe kafin ya taɓa. Baba ya ɗauka natsuwa ce. Ni da ba na rasa sa ido, wata rana na riƙe wayoyi biyu na ce ya zaro min jar.

Ya yi musu ƙuri, ya daɗe, sannan ya zaro koriya.

Ban yi dariya ba, duk da bakina ba ya ƙin ta.

"Duk ɗaya nake ganinsu, Auta," ya ce a hankali. "Tun ina ƙarami. Don Allah kar Saje ya ji, aikin nan shi kaɗai nake da shi."

Washegari na ɗauko zaren ɗinkin Umma. Duk motar da ta shigo, ni nake fara shiga da sunan kakkaɓe ƙura, in lalubo jajayen wayoyin in ɗaura wa kowacce ɗan baƙin ƙulli. Dogo in ya zo, mai zare ita ce ja. Da Baba ya ga zaren sai ya ɗauka dabarar Dogo ce, har yana nuna wa masu mota yana cewa su ga aikin mai hankali, yaron da yake sa wa waya alama kafin ya taɓa ta. Ni ina gefe da tsintsiya ina cizon leɓe. Wasu da wasiƙa suka fara soyayya, mu da zaren ɗinki muka fara tamu, kuma ta kama ni kamun da ban shirya masa ba.

Bara Dogo ya samu Baba da maganata. Baba bai ce a'a ba, sai ya nuna hoton da ke bango.

"Allah ya ba ni mata biyar, na gode masa. Amma ina so in ga ɗan gidan nan a cikin kakin nan kafin in mutu. Ka shiga sojan sama, sashen wutar jirgi. Ranar da ka fito daga horo, na ba ka Auta."

Dogo ya ce to. Me zai ce? Duk unguwa an san Saje ba ya magana biyu.

Bana aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, ranar Juma'a ƙarfe huɗu kuma za a rufe karɓar fom. Fom ɗin na haddace shi don yawan kallo. Akwati uku ne a sama, ƙasa, ruwa, sama, a ƙarƙashinsu jerin sana'o'i. Ɗaya ake zaɓa, in an miƙa ba a canzawa, wanda kuma ya faɗi gwajin likita a sana'ar da ya zaɓa ya fita ke nan sai baɗi. Dogo ba shi da baɗi, bana shekarunsa suke cika iyaka. Mai wutar jirgi kuwa, gwajin farko da ake yi masa shi ne na launi.

Da yammar Litinin ɗin muka zauna bayan gareji, inda matattun motoci suke, ina shafa masa magani a yatsu. Ya fito da wayarsa ya nuna min hotuna. Wani ne ya ɗauko masa shafukan littafin gwajin, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige, lamba a ɓoye a tsakiya.

"Nan me kake gani?" na tambaye shi.

"Ɗige-ɗige."

"Takwas ne, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na gaba fa?"

"Ɗige-ɗige, Autata. Ke dai karanto min, ni in haddace. Shafi ashirin da huɗu ne kacal, ai na haddace abin da ya fi haka."

Na karanta masa. Allah ya sani na karanta, ranar da washegarinta, yana rubutawa a bayan kwalin fulogi yana maimaitawa kamar ɗan firamare. Duk lambar da na faɗa sai in ji kamar in daina, amma in na ɗago na ga yadda yake murmushi sai in ci gaba. A cikin gareji kuma ya koma bin waya da yatsa tunda an hana ni shiga mota, aikin awa ɗaya yana cin masa yini, Baba yana ta kallonsa yana mamaki.

Ranar Talata muna cin abincin yamma, Baba ya ɗauko labarin da ba ya ɗaukowa sai ransa ya sosu. Na san gobarar tasin nan ce ta tayar masa da shi. Wani matashin matuƙin jirgi ne, mai fara'a, kullum kafin ya tashi sai ya raba wa masu gyara alewa. Wata safiya ana sauri, abokin aikin Baba ya sauya wayoyi biyu a ma'aunin mai, allura ta nuna tanki a cike alhali saura kaɗan. Jirgin ya tashi bai dawo ba.

"Ba ni na haɗa ba," Baba ya ce yana juya cokali a kofi. "Amma ni na rufe murfin ban duba ba. Alewarsa tana bakina lokacin da aka zo da labari."

Na sha jin labarin nan, amma ranar na ture kwanona gefe. Umma ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce kaina ke ciwo.

Ranar Laraba na je sayen salatif a shagon ɗan Gwaggo, wanda yake manne da garejinmu. Kayan gyaran mota yake sayarwa, ga turare kamar ya yi wanka da shi, kuma tun ina sakandare yake zagaye ni ina kaucewa. Ya miƙo min salatif ɗin, amma bai saki ba.

"Ƙanwata, ya aikin ɗinki? Na ga kwana biyu ba a ɗaura zare."

Na saki salatif ɗin.

Bai ma ɓoye ba. Ya ce wata uku yana lura da ni ta tagar shagonsa, ranar Litinin kuma shi ya shiga tasin ya mayar da zaren kan koriya, don ya tabbatar. Ya tabbatar kuwa.

"Ka san ka kusa ƙona shi, Yaya?"

"Yatsa biyu ne, zai warke. Ni ban ce ki so ni dole ba, na ce dai ki rabu da shi. In kin rabu da shi, bakina alaikum. In kin ƙi, ba Kawu zan gaya wa ba. Zan bari sai ya miƙa fom ɗin, sannan in kai takarda ofishin da kaina. Kin ga ya rasa soja, ya rasa gareji, ya rasa ke."

Na fito ban karɓi salatif ɗin ba. Duk inda na juya bango ne. In na ci gaba da karanta wa Dogo lambobi, wata rana wani mai raba alewa zai tashi bai dawo ba, da hannuna a ciki. In na gaya wa Baba, na ci amanar wanda ya roƙe ni da Allah. In na yi shiru, ɗan Gwaggo yana jira da takardarsa. In na rabu da Dogo kuwa, to ni kaina ban san wace ce za ta rage ba.

Da yamma Dogo ya zo bayan gareji da kwalin fuloginsa, yana murna ya kai shafi na sha tara ba kuskure. Ya miƙo min wayar. Na haɗe hannuwana a baya.

"Ba zan karanta ba."

Ya ɗauka wasa nake, har ya yi dariya.

"Dogo, in ka ci gwajin, aka ba ka jirgi... wa zai ɗaura maka zare?"

Dariyar ta ɗauke.

"Zan bi da yatsa, kamar yadda nake yi."

"Waya ɗari uku a wuri ɗaya, ana tsaye a kanka ana cewa ka yi sauri? Ka ga abin da ya faru ranar Litinin, kuma wannan tasi ce, tana ƙasa."

"To me kike so in yi? In je in ce wa Saje shekara uku ina cin abincinsa da ƙarya? Ke kika fara ɗaura zaren nan, Auta, ban roƙe ki ba!"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce masa na sani, kuma da za a mayar da ni ranar zan sake ɗaurawa, amma mota daban jirgi daban.

"Ki faɗa min kawai kin gaji," ya ce. "Kin gaji da jan makaho."

"Wallahi ban taɓa gajiya ba, rabin raina. Tsoro nake ji."

Ya sa kwalin a aljihu ya tafi, bai waiwayo ba. Ban gaya masa zancen ɗan Gwaggo ba, don na san hannun Dogo in ransa ya ɓaci, kuma ana jibi rufe karɓar fom ba lokacin shiga hannun 'yan sanda ba ne. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka har na gode wa Allah.

Ranar Alhamis bai ce min ko sannu ba. Da hantsi na ce wa Umma zan je kasuwa, na hau mota zuwa ofishin ɗaukar soja. Layi har bakin titi, samari da 'yan mata kowa da fom a leda. A gefe akwai teburin tambaya, wata saja mace mai gilashi tana zaune tana fifita da fayil. Na gaishe ta, na ce ɗan'uwana ne yake so ya shiga, amma idonsa ba ya raba ja da kore.

"Ɗan'uwa ko saurayi?" ta tambaya ba ta ko ɗago ba.

Na sunkuyar da kai, ta yi dariya.

Ta jawo takarda ta ja layi a ƙarƙashin sana'o'i huɗu, duk a sojan ƙasa: gyaran inji, ajiyar kaya, aikin ofis, gini. Ta ce waɗannan ba ruwansu da launi. Sama da ruwa kuwa ya cire rai, domin can fitila ja da koriya rai ce. Ta ƙara da cewa in yana cikin masu haddace littafi, in gaya masa likitansu ba a jere yake buɗe shafukan ba, duk shekara sai sun kama masu hadda kamar ashirin.

Na miƙa hannu zan karɓi takardar, sai ta riƙe min yatsu tana juyawa. Tabon dalma ne, ƙanana-ƙanana, da kaushin filaya.

"Wannan hannun ba na wanke-wanke ba ne, 'yata. Wa yake wayarin a gidanku?"

Na ce ina dai taya Babana. Ta yi min tambaya uku a kan fiyus da batir, na amsa ban ko yi tunani ba. Ta buɗe durowa ta ɗora min fom sabo a kan takardar.

"Muna ɗaukar mata a wutar jirgi, ba sa zuwa ne kawai. Gobe ƙarfe huɗu, da sa hannun mahaifi."

A mota na riƙe fom ɗin kamar garwashi. Tun ina shekara bakwai nake goge hoton nan na Baba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba cewa wani lokaci fuskata nake gani a cikin kakin. Ko ni kaina ban taɓa gaya wa kaina da ƙarfi ba.

Maganar likita da shafukansa kuwa na riƙe ta a cikina. Da na gaya wa Dogo, da ya fasa, amma don za a kama shi. Ni kuma so nake ya fasa don ya ga bai kamata ba. Na ba shi zuwa azahar ɗin Juma'a a raina, in bai juyo ba in tare shi a hanya in faɗa masa. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba.

Juma'a wajen sha biyun rana ina shara Dogo ya shigo, ya sa wankakkiyar riga, fom a hannu. Baba ne mai tsaya masa, sai ya sa hannu kafin a karɓa. Ya wuce ni bai kalle ni ba, ya ajiye fom ɗin a teburin aiki, daidai ƙarƙashin hoton.

Baba ya goge hannu da tsumma, ya zaro biro yana murmushin da ba kasafai ake gani ba. Ya gyara gilashi. Murmushin ya tsaya.

"Hannunka ya kauce, Dogo. Ka sa alama a sojan ƙasa, gyaran inji."

"Bai kauce ba, Saje."

Tsintsiyar ta zame daga hannuna.

Dogo ya zaro wani gwangwanin madara daga aljihun wandonsa, ya buɗe ya juye a kan tebur. Baƙin zare ne, guntu-guntu, tuli guda. Ashe duk ƙullin da na ɗaura a shekara ukun nan, in ya gama aiki kwancewa yake ya adana.

"Idona ba ya raba ja da kore, Saje. Tun da na zo nake ɓoye maka. Zaren nan da kake yabo ba nawa ba ne, Auta ce take ɗaura min. Na haddace littafin gwaji don in yi maguɗi, sai jiya na tuna mai alewar da ka taɓa ba mu labari." Ya dubi hoton da ke bango. "Na san sharaɗinka. Na fi son in rasa ta da in sa ta zama matar wanda ya kashe mutum."

Ni dai hawaye kawai nake, ban ma damu da gogewa ba.

Daidai nan ɗan Gwaggo ya leƙo, turarensa ya riga shi shigowa. Ganin zaren a tebur ya sa bakinsa ya kasa haƙuri. Ya ce ai shi ya daɗe da sani, shi ya sa ranar Litinin ya ɗan gusar da zaren don Kawu ya gani da idonsa.

Baba ya juya gaba ɗaya ya fuskance shi.

"Wato ka sa wuta a motar mutane, da mutum a ciki, don in gani da idona?"

Baba ya nuna wa ɗan Gwaggo ƙofa da biro, ya ce maganar da ta rage da uwarsa zai yi ta. Sannan ya ce wa Dogo shi ma ya fita ya jira a waje.

Muka rage ni da Baba da tulin zare. Ya zauna a benci yana juya guntu ɗaya a yatsunsa. Na durƙusa na ce ya yafe min.

"Duk motar da ta shigo nan, ke kike fara gano wayoyinta? Ba zane, ba mita?"

"Eh, Baba."

"Har babbar motar nan ta mai ƙanƙara, wadda ta ba ni wahala kwana biyu?"

"Ita ma. Ai matsalar a bayan fitilar hagu take, na so in faɗa maka, na ji tsoro."

Ya rufe ido. "Ƙaryar ta yi min ciwo, Auta. Amma akwai abin da ya fi ta. Shekara uku ina yabon zare, ban taɓa tambayar hannun da ya ɗaura shi ba. Ina ta neman magaji a waje, na ba shi tsintsiya a cikin gida."

Na zaro fom ɗina daga cikin mayafi na ajiye kusa da na Dogo. Na riga na cike shi. Sojan sama, wutar jirgi.

Yana cikin karantawa Umma ta shigo da kular abincin rana. Ta dubi zaren, ta dube ni, ta ce to yau ta gane ɓeran da yake cinye mata baƙin zare shekara uku, har ta canza shago tana zargin mai sayarwa da rage tsawo. Amma da ta ga fom ɗin da sunana sai wasan ya ƙare. Ta ce huɗu sun tafi gidajensu, ɗayar da ta rage mata kuma bariki za a kai? Ta ce shekara ashirin da huɗu ta yi tana kasa kunne duk jirgin da ya wuce, ba za ta sake komawa wannan zaman ba.

Na rungume ƙafafunta ina roƙo. Baba bai sa baki ba, ya ce wannan karon maganar Umma ce, in ta ce a'a ya ajiye biro. Agogon bango ya nuna biyu da rabi, ya nuna uku saura, Umma tana zaune tana share ido da bakin mayafi.

"In na hana ki, nan za ki tsufa kina goge hoton wani," ta ce a ƙarshe. "Sa mata hannu, Saje, kafin in canza ra'ayi."

Baba ya sa hannu a nawa. Ya kira Dogo, ya bar shi a tsaye ya daɗe, sannan ya jawo nasa fom ɗin.

"Ban taɓa janye magana ba tun da aka haife ni," ya ce yana rubutu. "Yau na fara, kuma kai ka ja min. Mutumin da zai ajiye abin da yake so don kada wani ya mutu, shi nake nema tun farko, ban dai san yadda zan faɗa ba ne. Ku je ku gama horo. Maganar aure tana nan."

Mai tasin da muka ƙona wa waya shi ya kai mu, yana gudu yana mita. Ƙarfe huɗu saura minti bakwai saja mai gilashi ta karɓi fom biyu, ta dubi Dogo tun daga ƙasa har sama ta ce ashe ɗan'uwan dogo ne.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Makarantarsa tana wani gefen ƙasar, tawa tana wani gefen, dokar kuma ba aure sai an kammala. Shekara biyu muka yi a kan waya ta minti biyar ranar hutu, wani lokacin ma ba ta shiga. Na yi kuka a filin atisaye, na yi kuka a ajin zane, sau biyu ina haɗa jakata in kwance. Shi kuwa can har manya suke kiransa ya saurari injin da ya gagari mita.

Ranar da muka fito, mu ɗari biyu da wani abu ne mata, kaki ɗaya, hula ɗaya, rana ta mayar da mu launi ɗaya. Umma da kanta ta wuce ni sau biyu tana nemana. Ana sallamarmu na ji an riƙe min hannun riga ta baya.

Dogo ne, da kakinsa na sojan ƙasa, ya ƙara tsayi ko idona ne.

"Ya aka yi ka gane ni," na ce, "ba zare?"

"Tun kuna maci na ji ki. Ƙafarki ta hagu tana ɗan makara, Autata, kamar injin da fulogi ɗaya ya gaji."

Na san ƙarya yake, ƙafa ɗari huɗu ce take dukan ƙasa a filin nan. Amma wata biyu bayan nan aka ɗaura mana aure, kuma har yau in na dawo daga aiki, kafin in taɓa ƙofa ya buɗe.